Manhaja mai talla ko wadda aka fasa: amsa ga Hajiya mai atamfa

Hajiya, barka da war haka, ya kasuwa, ya zafin Garwa? Ga tambayarki a taƙaice, don waɗanda ba su gan ta ba. Wayarki ƙarama ce, RAM jiga 2, ma'aji jiga 32. Da ita kike sayar da atamfa da leshi ta WhatsApp, da ita kuma kike karɓar kuɗi ta Orange Money. Talla ya dame ki, forfen intanet ba ya kai ki kwanakin da ya saba, wasu manhajojin kuma Play Store ya hana ki su, sai ya rubuto miki «Votre appareil n'est pas compatible avec cette version». Wani yaro mai tura finafinai a bakin kasuwa ya ce zai cika miki wayar da manhajojin da aka cire wa talla, har da GB WhatsApp, wato WhatsApp ɗin da aka fasa, duk ta Xender, manhajar tura kaya daga waya zuwa waya, ba tare da kin ƙona ko mega ɗaya ba. Kina so ki san wanne ya fi.

Ni dai na Play Store nake zaɓar miki, da tallansa da takurarsa. Amma yaron yana da gaskiya a wurare biyu ko uku, kuma zan faɗe su idan mun iso.

Mu fara da wanda ke cin riba. Manhajar da kika gani a Play Store an rubuta «Contient des annonces» a ƙarƙashin sunanta, cinikinta a fili yake. Wanda ya ƙirƙire ta ya bar gurbi a fuskarta, dillalan talla irin su AdMob na Google suna cika gurbin, su biya shi gwargwadon yawan waɗanda suka gani da waɗanda suka taɓa. Ke kuma kina biya da megarki da cajinki da haƙurinki. Ba daɗi, amma kin san abin da ake karɓa a hannunki. Ita fasasshiyar kuwa, wani ne da ba ki san sunansa ko ƙasarsa ba ya ɗauki ta asali, ya buɗe cikinta, ya cire abin da ya ga dama, ya ƙara abin da ya ga dama, ya sake ɗaure ta ya watsa. Aiki ne mai cin lokaci, ana maimaita shi duk sanda ta asalin ta canza, kuma banza ba ta kai zomo kasuwa. Wasu tallan mai ita suke cirewa su sa nasu. Wasu abin da suke sawa ya fi talla muni. A watan Agustan 2021 kamfanin tsaron intanet na Kaspersky ya gano muguwar manhajar nan da ake kira Triada a ɓoye cikin FMWhatsApp, wani fasasshen WhatsApp irin GB, a Oktoban 2022 kuma ya sake gano ta cikin wani irinsa mai suna YoWhatsApp. Aikinta shi ne ta jawo wasu irinta cikin waya, ta yi wa mutum rajistar abubuwan da ake cire wa kuɗi ba da saninsa ba, har ta iya sa a ƙwace masa WhatsApp ɗinsa. A cikin FMWhatsApp ɗin, ta hanyar kayan tallan da aka liƙa wa manhajar ta shigo. Wato wanda ya gudu daga ta asali bai tsira daga talla ba, sai ma ya faɗa hannun wanda ba mai tuhumarsa.

Ba ina cewa yaron mugu ba ne. Shi ma daga wani shafi ya sauko da su, ya ga suna buɗewa, ya ɗauka lafiya lau suke. Ba shi da hanyar leƙa cikinsu.

A maganar data, ranar farko shi ke da nasara, ba gardama. Xender ba ta taɓa forfenki, wayoyin biyu ne ke ƙulla Wi-Fi a tsakaninsu, ko babu rezo ko kaɗan za ta yi aiki. Manhaja biyar ko shida masu nauyi idan za ki sauke su daga Play Store kuɗi ne na gaske. Sai dai saukewa sau ɗaya ake yi, amfani kuwa kullum ne. A manhaja mai talla, ɗan siririn hoton nan da ke ƙasan fuska ba ya cin komai na a zo a gani. Bidiyo ne ke shanye mega, irin wanda ke rufe fuskar waya ya ce ki jira daƙiƙa 30, musamman a wasannin da yara ke bugawa idan sun karɓi wayar da dare. Abin da ke da kyau shi ne wannan ɓarnar tana aunuwa kuma tana tsayuwa. Ki shiga Paramètres, wajen amfani da data, za ki ga jerin manhajoji kowace da megar da ta ci. Wadda ta yi zarra ki hana ta data idan ba a buɗe take ba. Tun daga Android 7 akwai «Économiseur de données» da ke yin wannan gaba ɗaya. Duk manhajar da aikinta ba ya bukatar intanet, kamar wasan yara ko na'urar lissafi ko ta kallon bidiyon da ke cikin wayarki, ki kashe data kafin a buɗe ta, yawancin tallan ba zai sami hanyar zuwa ba. Fasasshiyar kuma idan tana ɗauke da ɓarawo, ba a mega kaɗai zai tsaya ba. Kiredin da kika sa da safe ne za ki tarar babu da yamma, ki yi ta zargin kamfanin layi.

A nan ne zan ja kunnenki kan shafukan da ake sauko da waɗannan manhajojin, domin su ma da talla suke rayuwa, kuma nasu ya fi na kowa rashin kunya. Za ki ga maɓallin «Télécharger» har uku ko huɗu a shafi ɗaya, manyan duk na talla ne, na gaskiyar ƙarami ne a lungu, shi ma sai kin jira agogo ya ƙirga. Taɓawa ɗaya a kan na ƙarya na iya sauko miki da wata manhaja dabam, ko ta kai ki shafin da ke sa lambarki cikin rajistar wasa ko duba ko bidiyo, ana cire sefa kaɗan kaɗan kowace rana. Idan kin taɓa ganin kiredi na zurarewa haka, ki je ofishin layinki ki ce a duba miki duk rajistar da ke kan lambar a soke. Haka nan manhajojin da ke cewa ki kalli talla a biya ki: lissafinsu ba ya fita, don abin da mai talla ke biya a kan kallo ɗaya daga ƙasashenmu bai kai kuɗin megar da kika ƙona wajen kallon ba.

Batir kuwa, talla na cinsa, wannan tabbas ne. Tun a 2012 masu bincike daga jami'ar Purdue ta Amurka tare da Microsoft suka auna wasu shahararrun manhajojin kyauta, suka tarar a wasunsu kashi 65 zuwa 75 cikin 100 na wutar da suke sha yana tafiya ne wajen neman inda mutum yake da jawo masa talla. Wayoyi sun canza sosai tun lokacin, amma dalilin yana nan: duk jawo talla sai an tashi rezo, shi kuwa rezo mai rauni ya fi shan wuta. A wurinmu da wutar ke dogara da ruwan madatsar Lagdo, idan watan Maris da Afrilu suka zo ruwa ya ja baya aka fara rabon wuta unguwa unguwa, zafi ya haura 40, waya mai zafi a aljihu ba ƙaramar matsala ba ce. Fasasshiyar da aka cire wa talla da gaske za ta fi sauƙin caji. Na ba yaron wannan ma. Matsalar ita ce daga waje ba ki da yadda za ki bambance wadda aka cire wa da gaske da wadda ke aiki a ɓoye wayar na kan tabarma.

Yanzu ga babbar maganar, wadda ta fi ba mutane haushi: me ya sa Play Store ke ƙin ba ki manhaja alhali ta maƙwabciyarki ta karɓa? Ba rowa ba ce. Kafin ya nuna miki maɓallin saukewa yakan duba wayar ya gwada ta da sharuɗɗan da mai manhajar ya gindaya. Na farko sigar Android. Kowace manhaja tana da mafi ƙarancin sigar da za ta iya zama a kai, kuma wannan iyakar tana hawa da shekaru. WhatsApp, misali, tun 24 ga Oktoban 2023 ya daina aiki a wayar da ba ta kai Android 5.0 ba. Na biyu ƙarfin RAM. Wayoyi masu araha da yawa na Itel da Tecno da makamantansu suna zuwa da Android Go, sigar da Google ya fitar a ƙarshen 2017 don ƙananan wayoyi, kuma mai manhaja yana da damar cewa kada a ba wayoyin Go tasa, idan ya san za ta yi musu nauyi. Na uku ginin ƙwaƙwalwar wayar, 32-bit ko 64-bit. Ƙananan wayoyi da dama har yanzu a 32 suke tafiya, manhajar da aka gina don 64 kaɗai ba za ta taɓa tashi a kansu ba ko wa ya tura ta. Na huɗu kayan Google da ke cikin wayar, shi ya sa sababbin wayoyin Huawei da suka fito bayan takunkumin Amurka na 2019 ba su da Play Store ma gaba ɗaya. Wani lokaci kuma ƙasa ce, mai manhajar bai buɗe ta ga Kamaru ko Cadi ba.

To idan yaron ya tura miki abin da Play Store ya hana, bai canza ko ɗaya daga cikin waɗannan ba. Ya dai tsallake mai gadin ne. Idan matsalar ta ƙasa ce kawai, manhajar na iya aiki. Idan ta siga ce ko ta ƙwaƙwalwa, ɗayan biyu za ki gani: ko wayar ta ce «Application non installée», ko manhajar ta shiga ta riƙa rufe kanta, ko ta danne RAM ɗin har WhatsApp ɗin da kike ciniki da shi ya riƙa sanƙarewa.

Akwai wani dalilin kuma da ko masu turawar ba duka suka san shi ba. Tun watan Agustan 2021 Google ya wajabta wa sababbin manhajoji wani tsari da ake kira App Bundle. Da can fayil ɗaya ne, wanda ake kira APK, ya ƙunshi komai na kowace irin waya. Yanzu Play Store yankawa yake yi a kan awo, kamar yadda tela ke yanka atamfar da kika sayar: wannan wayar a ba ta yankin da ya dace da ƙwaƙwalwarta, da girman fuskarta, da harshenta. Abin da ke cikin wayar yaron an yanka shi ne a kan awon wayarsa, kuma guntu guntu yake. Idan aka turo miki babban guntun aka bar sauran, ba zai shiga ba. Idan aka turo duka amma wayarsa 64 ce taki 32, nan ma ba zai yi ba. Wannan tsarin ne kuma ya sa abin da kike saukewa daga Play Store ya fi wanda ake turawa ƙanƙanta sau da yawa, ga mai jiga 32 kuwa wannan ba abin rainawa ba ne. Matsalar tana zuwa ta ɗaya gefen ma: sabuwar waya mai Android 14 tana ƙin tsofaffin manhajojin da aka gina don abin da bai kai Android 6 ba, don haka tsohon tarin da wasu masu turawa ke ajiye da shi a kwamfuta shekara da shekaru ba ya shiga sababbin wayoyi.

Sai sabuntawa. Kowace manhaja tana ɗauke da hatimin mai ita, kuma Android ba ya yarda a ɗora sabuwar siga a kan tsohuwa sai hatimin ya zama ɗaya. Ta Play Store tana sabunta kanta, ramin da ɓarayi suka gano a toshe shi. Wadda aka fasa an sake mata hatimi, don haka Play Store ba zai sabunta ta ba. Ranar da ta daina aiki sai kin koma wurin yaron, ko ki goge ta gaba ɗaya, abin da ke cikinta ya tafi. Wannan batun hatimin ne ya raba turawa da fasawa, kuma ina so ki riƙe bambancin. Idan ƙanwarki tana da waya irin taki sak, ta sauke manhaja ta asali daga Play Store ta turo miki, hatimin na nan, ba wanda ya taɓa cikinta, kin tsira da megarki. Wannan ba laifi. Haka mai Huawei da ya je shafin whatsapp.com ya sauko da APK na asali. Abin gudu shi ne wadda aka ce an cire mata talla, ko an buɗe mata abin da ake biya.

Kada kuma a ɗauka duk abin da ke Play Store tsarkakakke ne. Play Protect, mai gadin da Google ya sa cikin Play Store, na bincike tun 2017, amma miyagu na kuɓuce masa, a gano su daga baya a cire. Kuma ko a halastacciyar manhaja, mai talla yana son sanin inda kike da abin da kike so. A Nuwamban 2020 rahoton kafar labarai ta Motherboard ya nuna cewa bayanan wurin da masu amfani da Muslim Pro suke suna zuwa hannun wani dillalin bayanai mai suna X-Mode, wanda cikin abokan cinikinsa akwai masu kwangila da sojin Amurka. Kamfanin Muslim Pro ya musanta sayar wa soji bayanai, ya kuma yanke hulɗa da dillalin. Abin ya taɓa ni ƙwarai, don manhajar lokutan salla ce da mutane suka sa da zuciya ɗaya. Amma ki lura da yadda ta kaya: akwai kamfani mai suna da adireshi, aka tuhume shi, ya fito ya yi bayani, ya canza. Wa za a tuhuma a kan fasasshiyar manhaja? Kuma a ta asali kina da linzami a hannu. Tocila ko wasa ya nemi izinin karanta saƙonninki ko lambobin mutanenki, ki hana. Ga mai karɓar kuɗi ta waya, izinin saƙonni shi ne mafi haɗari, don ta nan bayanan kuɗinki da lambobin tabbatarwa ke shigowa.

'Yan'uwanmu na Njamena sun san wannan a jikinsu. Daga Maris 2018 zuwa Yulin 2019, wata 16 cur, an toshe WhatsApp da Facebook a Cadi, kowa ya koma VPN na kyauta, wato manhajar da ke zagaye toshewar, ana tura wa juna daga waya zuwa waya. Larura ce, ba wanda zai ga laifinsu. Amma VPN duk zirga-zirgar wayarki ta cikinsa take bi, na kyauta kuma da talla ko da bayananki yake biyan kansa. Wanda har yau yake da irin wannan a wayarsa ba tare da bukata ba, gara ya goge.

GB WhatsApp kam, Hajiya, kada ki kusance shi. Ban da abin da na faɗa a sama, kamfanin WhatsApp yana dakatar da lambobin da ya gano suna amfani da irinsa, da farko na ɗan lokaci, idan aka ci gaba har abada. Lambarki ita ce shagonki, matan Marwa da Kusiri da Gawundare da ke sayen kaya a wurinki ita suka sani. Sannan yawancin abin da ke jan mutane zuwa GB ya riga ya shigo ta asali. Ɓoye cewa kina kan layi ya zo a 2022. Tura hoto mai kyau, wanda launin atamfa ba ya dusashewa, ya zo a Agustan 2023. Lamba biyu a WhatsApp ɗaya ta zo a Oktoban 2023. Ga kuma WhatsApp Business, wanda yake kyauta tun Janairun 2018, da wurin jera kaya da farashinsu, da alamar da za ki bambance wadda ta biya da wadda ake bi bashi, da amsa mai zuwa da kanta idan kina salla ko barci. Talla a WhatsApp sai a Yunin 2025 aka sanar da shi, shi ma a ɓangaren Status da tashoshi, ba cikin hirarki da mutane ba.

Biyan kuɗi a cire talla hanya ce mai kyau ga mai katin bankin da Play Store ke karɓa, amma yawancinmu ba mu da shi, don haka ba zan tsaya a kai ba. Abin da ya fi dacewa da mu shi ne manhajojin da tun asali ba su da talla. VLC, wadda ɗalibai suka fara a wata makarantar injiniya ta Faransa, tana buɗe kusan kowane irin bidiyo da sauti, ba talla ba kuɗi. Quran for Android haka take, kuma kina iya sauke karatun sau ɗaya inda kika sami Wi-Fi ki riƙa saurare babu data. Files na Google yana share tarkace ya kuma tura fayil tsakanin wayoyi, don haka ba ki bukatar manhajojin nan masu cewa suna wanke waya ko sanyaya ta, waɗanda su ne sarakunan talla. Inda babu irin wannan sai ki nemi ƙaramar siga: Facebook Lite, wanda yake nan tun 2015, ko TikTok Lite. Suna da talla, amma an gina su don ƙaramin RAM da rezo mai rauni. YouTube Go an rufe shi a 2022, Messenger Lite a 2023, duk wanda ya ce zai tura miki su yau, matacce zai ba ki. Abin da kuma ba kullum kike shiga ba, ki buɗe shi a Chrome kawai, ba sai ya zauna a wayar ba.

Idan ya riga ya sa miki wani abu, ga yadda za ki yi. Ki kwashe hotunan kaya da lissafin bashin da ke cikin GB tukuna, don hirar da ke cikinsa ba lallai ta bi ki zuwa ta asali ba. Sannan ki goge shi, ki sauke WhatsApp Business daga Play Store, ki kunna «Vérification en deux étapes» da lambar da ke kaɗai kika sani. Ki canza lambar sirrin Orange Money. Ki koma Paramètres ki janye wa Xender da Chrome izinin sa manhajojin da ba a san asalinsu ba, ki buɗe Play Protect ya bincike wayar. Daga nan ki shiga «À propos du téléphone» ki turo mana sunan wayar da sigar Android ɗinta, tare da sunayen manhajojin da aka hana ki, in duba wadda ke da ƙaramar siga da wadda za ki buɗe a Chrome.